Bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya: wa za ka iya tafiya da shi, kuma nawa za ka kashe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniyan lantarki ne a Kaduna, shekarata 39, na yi shekara 11 ina aiki. Ina da mata biyu da 'ya'ya biyar, uku na uwargida, biyu na amarya. Ga ɗan yayana marigayi da nake riƙo, ga mahaifiyata a hannuna. Wani ejan ya ce in ba shi naira miliyan 18 ya samo mini takardar CoS, wato shaidar cewa wani kamfani ya ɗauki nauyina, in tafi Ingila aiki, kuma ya ce duk iyalina za su iya biyo ni. Har na sa filina a kasuwa. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kafin mu shiga bayani, don Allah ka dakatar da cinikin filin nan. Na daɗe a Ingila ina aikin duba wa mutane takardun shige da fice, kuma maganganu biyun da ejan ɗin nan ya gaya maka babu wadda ta dace da doka. Ba a sayar da CoS, sannan ba duk mutanen gidanka ne za su iya biyo ka ba. Alƙaluman da zan kawo maka na dokokin 2025 ne zuwa farkon 2026. Birtaniya tana taɓa su kusan kowace shekara, don haka ranar da za ka cike fom ka sake leƙa shafin gov.uk ka ga inda aka kwana.

Bizar da kake nufi ita ce ta ƙwararrun ma'aikata, wadda aka buɗe a watan Disamba na 2020 bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. A jikin aiki wannan biza take rataye. Sai wani kamfani ko asibiti ko makaranta, wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, ya yi maka intabiyu, ya ɗauke ka aiki, sannan ya shiga rajistar ma'aikatar ta intanet ya fitar maka da CoS. Mutanenmu suna cewa "takardar CoS", amma babu wata takarda mai hatimi da za a miƙo maka a ambulan. Lamba ce a cikin kwamfutar gwamnati, ɗauke da sunanka da irin aikin da albashin da ranar farawa. Wata uku take yi, idan ba ka nemi biza da ita a cikin wannan lokacin ba, ta mutu. Kuɗin fitar da ita fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma mai ɗaukar aiki ne zai biya, an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Haka ma harajin da gwamnati ke karɓa a hannun kamfani kan kowane baƙon ma'aikaci, ba naka ba ne. To duk wanda ya ce ka kawo miliyan 18, ko dai lambar ta bogi ce, ko kamfanin yana nan amma babu aikin, ko kuwa akwai aikin amma za a riƙe ka da shi yadda ba ka isa ka ɗaga murya ba.

Na biyun ya fi ba ni tausayi, don shi ne mutum ba ya ganewa sai ya sauka. Wata rana cikin hunturu wani bawan Allah ya shigo wurina da jakar leda cike da takardu, matarsa na biye da shi da goyo a cikin bargo. Bizarsa ta gaske ce, CoS ɗinsa ma ta gaske ce. Ya sayar da gida da mota ya biya ejan. Da ya je adireshin kamfanin sai ya tarar da ƙofa a kulle a saman wani shago, wasiƙu sun taru a ƙasa ba mai ɗauka. Wata huɗu yana buga waya ana ce masa ya ƙara haƙuri, aiki na nan tafe. Bizar kuma ba ta yarda ya kama wani cikakken aiki a wani wuri ba. Takardar da ya zaro ya miƙo mini hannunsa na rawa, ita ce wadda ma'aikatar ta aiko masa cewa an soke lasisin kamfanin, yana da kwana 60 ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar da iyalinsa. Ba shi kaɗai ba ne. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisi sama da 470 a fannin kula da tsofaffi da marasa lafiya kaɗai, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000.

Jerin sunayen masu lasisi yana nan a gov.uk, kyauta, kowa zai iya saukewa. Amma ganin suna a jerin bai isa ba, domin 'yan damfara suna aron sunan kamfanin gaske. Ka nemo lambar kamfanin da kanka, ka tuntuɓi ofishin ɗaukar ma'aikatansu, ka tambaya ko sun san da kai. Idan duk maganar a WhatsApp take, babu intabiyu, babu imel daga adireshin kamfanin, to ba ka da aiki.

Yanzu sharuɗɗan. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 an ɗaga matsayin aikin da ake ba wa wannan biza zuwa matakin digiri. Aikin ake aunawa, ba takardarka ba: mai HND zai iya samu idan kamfani ya ɗauke shi a muƙamin da ke wannan matakin. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake tashi zuwa 41,700 a Yulin 2025. Bayan wannan, kowace sana'a tana da nata farashin da gwamnati ta yanka, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a bi. Na injiniyan lantarki ya haura fam 50,000 a shekara. Akwai rangwame ga 'yan ƙasa da shekara 26 da masu digirin digirgir, amma kai ba ka cikinsu. Ma'ana, sai kamfani ya ga ƙwarewarka ta kai ya biya ka wannan kuɗin, ya kuma ɗauki ɗawainiyar lasisi, alhali yana da masu nema a cikin gida. Ana samu, musamman ga masu gogewa a tashoshin rarraba wuta da manyan layukan lantarki da makamashin rana da iska, amma nema ne na watanni, wani lokaci fiye da shekara, ana ƙin ka kana sake turawa. Rajistarka ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ba sharaɗin biza ba ce, sai dai tana ƙara wa takardunka nauyi, haka ma shiga ƙungiyar injiniyoyi ta IET.

Ga wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. Akwai jerin wucin gadi na wasu ayyukan da ba su kai matakin digiri ba amma ana ƙarancin masu yinsu, irin su haɗa wayar wuta da walda. Ana ba da biza a kansu, amma sabon mai shigowa ta wannan ƙofar ba shi da damar kawo mata ko 'ya'ya. Idan aka ce maka "mu shigar da kai a matsayin mai gyaran wuta, ya fi sauƙi", ka sani iyalinka ne aka yanke. Aikin kula da tsofaffi kuwa, wanda ejan-ejan suka fi cin kasuwa da shi, tun 11 ga Maris na 2024 aka hana masu shigowa ta nan kawo iyali, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Duk mai tallata maka shi yanzu daga Najeriya, abin da babu shi yake sayar maka.

Turanci ma sai ka kawo shaida. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa wannan, duk da cewa da Turanci muka yi karatu. Ko ka zauna jarrabawar da suka amince da ita, kamar IELTS ta neman biza, ko ka tura digirinka ga hukumar Ecctis ta tabbatar da cewa ya kai digirin Birtaniya kuma da Turanci aka koyar da shi. Daga 8 ga Janairun 2026 matakin da ake nema ya tashi daga B1 zuwa B2.

To mu zo kan iyali, don nan ne zancen ya fi nauyi, kuma nan ne nake so ka karanta a natse. Abin da mu muke kira iyali da abin da dokar shige da fice ta Birtaniya take kira iyali ba ɗaya ba ne. A wurinsu, wanda zai biyo ma'aikaci shi ne abokin aure guda ɗaya da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba.

Birtaniya tana iya amincewa da cewa aurenka na biyu halattacce ne tunda an ɗaura shi a ƙasar da doka ta yarda da shi. Amma ƙa'idarsu ta ce mace ɗaya ce kawai za ta samu izinin zama a matsayin matarka. Da zarar ɗaya ta samu, ɗayar ba za ta samu ta wannan hanyar ba muddin auren yana nan. Abin da ya rage mata shi ne bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida, ba a aiki da ita, kuma sai ta gamsar da jami'i cewa za ta koma gida, abin da ke da wuya ga macen da mijinta ke zaune a can. Na san ana ba mutane shawarar su ɓoye auren, ko su yanko takardar saki ta ƙarya, ko a shigar da amarya a matsayin ƙanwa. Kada ka yi. Idan aka kama ƙarya a takardun biza, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, kuma ƙaryar tana iya tashi bayan shekaru, ranar da ka je neman zaman dindindin, ta rushe duk abin da ka gina. Ban da wannan ma, wasa da kalmar saki ba abin da Musulmi zai yi don takarda ba ne, kai ma ka sani.

'Ya'yan matar da ta zauna a gida su ma suna da tasu matsalar, kuma mutane da yawa ba su san ta ba sai an ƙi su. Ƙa'idar ita ce, yaro zai samu biza idan iyayensa biyu suna nema tare ko suna da izinin zama a can. Ana ɗaga ƙafa ne kawai idan ɗaya ya rasu, ko wanda ke tafiya shi kaɗai ke ɗauke da dukan alhakin tarbiyyar yaron, ko akwai wani dalili mai tsanani. Wasiƙar amincewa daga uwa, ko da an buga mata hatimin kotu, ba ta wadatar ba. Idan uwar tana raye, yaran suna ɗakinta, ita ke kai su makaranta da asibiti, jami'in biza zai ce alhakin na mutum biyu ne, ya ƙi. Biyan kuɗin makaranta da cefane kaɗai ba ya zama "shi kaɗai ke riƙe da yaro" a ma'auninsu. Saboda haka idan uwargida ce ta tafi, 'ya'yanta uku ne za su bi ta, biyun amarya suna gida. Idan amarya ce, akasin haka.

Ka kuma lura da shekarun babban ɗanka. Ranar da aka tura takardar nema ake dubawa. Idan ya cika 18 kafin wannan ranar, ƙofa ta rufe masa, ko da kwana ɗaya ne. Idan kuwa ya shiga yana 17, zai iya ci gaba da sabuntawa tare da ku muddin bai yi aure ko ya ware ya kama rayuwar kansa ba. Na ga magidancin da ya ce bari ya fara zuwa ya zauna da gindinsa tukuna, ya yi shekara ɗaya da rabi, kafin ya waiwayo babbar 'yarsa ta haura.

Ɗan yayanka, Allah ya jiƙan mahaifinsa, a wurinmu ɗanka ne, babu mai tambaya. A wurinsu riƙo ba ya cikin lissafi sai an mayar da yaro ɗa ta hanyar kotu irin wadda suka amince da ita, kuma tun Maris na 2021 Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta taƙaita karɓar irin waɗannan takardun daga gare su. Kada ka yarda a yi masa takardar haihuwa da sunanka a matsayin uba. Suna iya neman gwajin jini idan sun yi shakka, kuma ƙarya ɗaya tana shafar takardun kowa a gidan. Hajiya kuma babu gurbinta a wannan biza ko kaɗan. Ziyara kawai za ta iya zuwa ta koma.

Ka ga ke nan, a cikin mutum tara da ke ƙarƙashinka, huɗu ne mafi yawan waɗanda za su iya biyo ka, biyar suna gida. Wannan ba maganar da za ka yanke kai kaɗai a ofishin ejan ba ce. Akwai haƙƙin kwana, akwai adalci tsakanin mata, akwai yaran da za su tashi suna ganin 'yan'uwansu a hoto cikin rigar sanyi su kuma suna Kaduna. Ka zauna da matanka biyu, kowacce ta ji gaskiyar lamarin daga bakinka, ka nemi malamin da ka yarda da iliminsa ya faɗa maka abin da shari'a ta ɗora maka idan ɗaya ta yafe kwananta da kuma idan ba ta yafe ba. Na ga gidajen da tafiyar nan ta gyara, na kuma ga waɗanda ta raba, kuma kusan kullum bambancin yana wurin abin da aka faɗa wa wadda aka bari tun farko. Wanda ya ce mata "wata shida zan aiko miki da biza" alhali ya san babu hanya, ya shuka abin da zai girba.

Takardun kansu ba su da wuyar fahimta, sai dai mu 'yan Arewa muna da ciwo guda: suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, Mamman a takardar firamare. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a wata takarda, a wata ya sa na kakansa. Matar tana amfani da sunan mahaifinta a katin NIN, a takardar haihuwar yara an rubuta ta da sunan miji. Ka baje takardun kowa a tabarma tun yanzu, ka bi su harafi bayan harafi, ranar haihuwa bayan ranar haihuwa, abin da ya saɓa a gyara shi ta hanyar hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yara suna buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ɗauke da sunan uwa da uba, katin asibiti ba ya maye gurbinta. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida aure ne, amma sai an kawo shaidarsa a rubuce daga kotun shari'a ko hukumar da ke da hurumi, kuma idan da Hausa ko Larabci aka rubuta, a haɗa da fassarar ƙwararren mai fassara da sunansa da sa hannunsa. Kowa zai yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, irin na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas, takardar tana wata shida. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 11 galibi likita ne ke duba su ba tare da hoton ƙirji ba. Daga nan sai ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar biza. Amsa takan fito cikin mako uku.

Sai kuɗi. Mu ɗauka kai da mace ɗaya da yara uku ne, bizar shekara uku. Kuɗin nema a farashin 2025 fam 769 ne kan kowane mutum, har jariri, ke nan fam 3,845. Harajin lafiya, wanda ke ba ku damar zuwa asibitin gwamnati, fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma na dukan shekarun ake biya a dunƙule tun kafin a duba takardarka. Manya biyu fam 6,210, yara uku 6,984. Sannan sai ka nuna kuɗin riƙe kai a asusu: fam 1,270 naka, 285 na matar, 315 na yaron farko, 200 na kowane yaro bayansa, jimla 2,270, su kwana 28 a jere ba su ragu ba, sai fa idan kamfanin ya rubuta a CoS cewa ya ɗauki wannan nauyin. Idan ka haɗa, fam 19,309 ne. A lissafa fam ɗaya kan naira 2,000, ka doshi miliyan 39, ba a sa tikitin jirgi na mutum biyar ba, ba a sa fasfo da gwaji da jarrabawa ba, ba a sa kuɗin kama gida ba. Likitoci da ma'aikatan jinya suna da sauƙi a nan, don bizarsu a farashin 2025 fam 304 ce kuma an yafe musu harajin lafiya su da iyalansu, shi ya sa kake ganin sun fi kowa tafiya da iyali. Injiniya ba ya cikin wannan rangwamen. Wasu manyan kamfanoni suna biya wa ma'aikaci nasa kuɗin, wasu har da na iyali. Ka tambaya kafin ka sa hannu, ka kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗin idan ka bar aikin da wuri.

Albashin ma kada ka juya shi zuwa naira ka ruɗe. Ɗauki fam 50,000 don sauƙin lissafi. Bayan harajin kuɗin shiga da na inshorar ƙasa, abin da zai shigo hannunka a wata bai wuce fam 3,300 ba, kafin a cire na fansho. Gida mai ɗaki uku a birni kamar Manchesta zai ci sama da fam 1,000 a wata, a Landan kuwa abin ya ninka. Mai gida zai karɓi ajiya ta kusan hayar mako biyar, kuma da yake ba ka da tarihin biyan haya a ƙasar, da yawa za su nemi wanda zai tsaya maka. Ga harajin ƙaramar hukuma, ga wuta da gas na ɗumama ɗaki wata shida a shekara. A bizarku za a rubuta cewa ba ku da haƙƙi a tallafin gwamnati, wato babu kuɗin yara, babu taimakon haya. A cikin abin da ya rage za ka ciyar da gida biyu, na nan da na Kaduna, ga Hajiya, ga 'yan'uwa da za su ɗauka kana shara da kuɗi.

Akwai alheri, ba zan ɓoye shi ba. Yara za su shiga makarantar gwamnati kyauta. Matarka tana da damar yin kusan kowane irin aiki ko kasuwanci, ba a ɗaure ta da kamfani ɗaya kamar kai ba, kuma a gidaje da yawa albashinta ne ke sa a numfasa. Wuta ba ta ɗaukewa, asibiti ba ya tambayar kuɗi kafin ya taɓa mara lafiya. Manyan birane suna da masallatai da mahautan halal da Islamiyyar yamma da ta ƙarshen mako, kuma Hausawa suna da zumuntarsu, ana haɗuwa da salla da suna.

Amma ka shirya matar da za ta tafi, don ita ce za ta fi jin canjin. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Na taɓa kai wa wasu baƙi ziyara a sati na uku da zuwansu, na tarar da matar zaune a bakin taga da hijabi a kan rigar sanyi biyu, ta kashe na'urar ɗumama ɗaki don tsoron kuɗin gas, bango ya yi baƙi da danshi. Ta ce mini tun da ta zo ba wanda ya yi mata sallama a ƙofa. Macen da ta saba da tsakar gida cike da mutane, ga maƙwabta ga 'yan aike, ta koma ita ce mai kai yara makaranta a ƙafa cikin ruwan sama, ita ce mai girki, ita ce mai wanki, miji ya fita tun duhu. Kuɗin gidan reno yana da tsada ƙwarai. Sannan ku biyun ku san cewa barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko dukan da ya bar tabo, yana iya jawo muku jami'an kula da yara har cikin ɗaki, don malaman makaranta wajibi ne su kai rahoto. A wasu yankunan ƙasar ma an haramta dukan yaro gaba ɗaya.

Wani abin da ake yawan kuskure a kai: yaron da aka haifa a can ba ya zama ɗan ƙasa don an haife shi a can, tun 1983 aka daina wannan, sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Zaman dindindin ɗin kuwa, a ƙa'idar da aka saba, bayan shekara biyar ake nema, da sharaɗin ba ka yi fiye da kwana 180 a waje ba cikin kowane wata 12. Wannan sharaɗin ya shafe ka sosai tunda kana da gida a Najeriya da za ka riƙa zuwa, ko da yake hutun aikin ma ba zai ba ka fiye da 'yan makonni ba. A watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da shekarun zuwa 10 ga yawancin ma'aikata, don haka ka yi lissafinka a kan doguwar tafiya, da sabunta biza da sake biyan harajin lafiya na kowa. Duk tsawon wannan lokacin, idan aikin ya tsaya, kwana 60 ɗin nan ne a gabanka, kuma bizar matarka da ta yara a jikin taka suke.

Idan ka ce bari ka juya Kanada, tsarinsu na tara maki yana ba da zaman dindindin tun daga farko, amma makin shekaru yana raguwa daga shekara 30, kuma su ma mace ɗaya suka sani.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Filin ya zauna. Ejan a ba shi haƙuri. In kashe abin da bai taka kara ya karya ba wajen gyara sunaye da fasfo da jarrabawar Turanci, in rubuta tarihin aikina a shafi biyu da ayyukan da na yi da girman kowanne, in riƙa nema kai tsaye a shafukan kamfanonin da ke cikin jerin masu lasisi ina ci gaba da aikina na Kaduna. Idan aiki ya samu, in fara tafiya ni kaɗai na wata uku ko huɗu, in ga aikin da idona, in wuce lokacin gwaji, in kama gida, sannan iyali su nema, tunda doka ta yarda su biyo baya kuma bizarsu za ta ƙare rana ɗaya da tawa. Abin da zai sa in sauya wannan tsarin shi ne idan babban yaron ya kusa cika 18, sai a tura tasa da ta mahaifiyarsa kafin ranar. Idan kana son wanda zai duba maka takardu a nan Birtaniya, ka tabbatar lauya ne mai rajista ko wanda ke cikin rajistar hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ka nemi lambar rajistarsa ka duba ta da kanka.

Ka rubuto mini ranar haihuwar babban yaron da ainihin sunan muƙamin da kake riƙe da shi a wurin aiki, da irin ƙarfin layukan wutar da ka yi aiki a kansu, in gaya maka rukunin sana'ar da ka faɗa da albashin da za ka nema. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya.